Ryzen 5 5600 a kan allon B450: fanka na juyi, hoto ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuɗi ba su kai sabon allon kwamfuta (motherboard) ba, sai na haɗa tsohon B450 na hannu da CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, RAM DDR4 8GB guda biyu a ramin A2 da B2, katin hoto RX 580, PSU (na'urar ba da wuta) mai wat 550.

Da na kunna, fankoki na juyi, fitilar CPU ta allon ta tsaya a ja, sikirin baƙi ƙirin. HDMI na jikin katin hoto, tunda 5600 ba ya fitar da hoto da kansa. Wayar CPU mai fil takwas ta shiga daram, na cire batirin CMOS (ƙaramin batirin da ke riƙe saitin allon), na gwada RAM ɗaya-ɗaya, shiru.

Zargina BIOS ɗin (manhajar da ke tada allon) ya girmi jerin Ryzen 5000 da 5600 ke ciki, ga shi allon ba shi da maɓallin Flashback mai ɗora BIOS ba tare da CPU ba. In na aro tsohon CPU da allon zai gane, wato Ryzen 3 2200G, zan iya ɗora sabon BIOS kai tsaye, ko sai na bi ta wani BIOS na tsakiya tukuna? Kuma UPS mai 650VA zai riƙe idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin?