Zan kama masauki a tsohon gari ko in fita waje?

Matafiyiya:
Salam jama'a, dan Allah a ba ni shawara. Za mu je Istanbul ni da Hajiyarmu kwana huɗu, maigida ya ce mu kama otal a Sultanahmet, unguwar da ke tsohon garin, wai komai a ƙafa ne, ƙawata kuma ta ce kar ma in soma. Matsalar Hajiya na fama da ciwon gwiwa, shi ne na rasa na wa zan ɗauka.

Ɗan Hanya:
Wslm Hajiya. In dai kwana huɗu ne ki sauka a tsohon garin kawai, kar ki ƙarar da rabin kwanakin a cikin mota. Aya Sofiya da aka gina tun 537 aka kuma mayar da shi masallaci a 2020 yana kallon masallacin Sultan Ahmed ne, fili ɗaya ya raba su, ga fadar Topkapi nan baya. Ki fito bayan asuba kafin bas-bas ɗin ƴan yawon buɗe ido su iso, wurin fayau sai ku da tsuntsaye, wanda ya kwana nesa ba ya samun wannan.

Uwar Biyu:
Hmm Malam ka faɗi daɗin ka bar wahalar. Ni fa na sauka can, a hoto otal ɗin kamar gidan sarki, muna zuwa mai tasi ya ajiye mu bakin layi ya ce mota ba ta shiga, haka na ja akwati kan duwatsun nan ga hawa har taya ɗaya ta cire, na iso ina haki aka ce ɗakinmu hawa na uku kuma babu lif!! Tsofaffin gine-gine haka suke, ɗaki kamar akurki. Kuma ba can kaɗai ba, tsohon garin Fas a Maroko ma mota ba ta shiga sam. Mai ciwon gwiwa ina za ta iya?

Ɗan Hanya:
Gaskiya ne wannan, amma ai unguwar ba duka ce tudu ba. Matafiyiya, ki nemi otal kusa da layin T1, wato jirgin ƙasa na cikin gari, shi ke bi ta Sultanahmet da Eminönü har Kabataş. Kafin ki biya ki tura musu saƙo ki tambaya ƙarara: akwai lif? mota na zuwa har ƙofa? Kar ki yarda da "muna tsakiyar gari" kawai.

Matafiyiya:
Na gode ƙwarai, wlh maganar lif ɗin ko a raina ban kawo ba. Na duba wanda maigida ya zaɓa yanzu, hawa huɗu ne, ba su ce komai kan lif ba. Bari in tura musu in ji.