Ƙarin garanti a kan katin girafik: in biya ko in haƙura?

Abban_Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kafin ranar Juma'a. Sana'ata editin bidiyo ce a nan Kano, yawanci na biki da suna da walimar sauka, wani lokacin tallan 'yan kasuwa. Katin girafik da ke cikin kwamfutata, wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo, GTX 1660 ne tun 2020, ya yi min amana gaskiya, amma yanzu da kowa ke cewa shi 4K yake so, wato bidiyo mai fitowa tas sosai, sai in sa kwamfutar ta fitar da bidiyon in tafi sallar isha'i in dawo in ci abinci har yara su yi barci bai gama ba, ga mai biki yana ta kira.

Na kusa shekara ina tara kuɗi, yanzu Yayana da ke karatu a Ingila zai sayo min RTX 4070 Super ya taho da shi in zai zo hutu. Jiya ya kira ni ya ce bayan garantin shekara 3 da kamfanin katin ya bayar, shagon ma suna tambaya ko za a ƙara wasu shekara 2, kuɗin ƙarin ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗin katin. In ka juya shi zuwa naira wallahi ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurina. To amma kuma wannan katin shi ne jarina, in ya mutu aiki ya tsaya, shi ya sa na kasa yanke shawara. Waɗanda suka san harkar ku taimaka, akwai wanda ya taɓa cin moriyar irin wannan ƙarin garantin?

Injiniya_Bash:

Wa alaikumus salam. Malam Abban Hanifa Allah ya sanya albarka a sana'a. Ni gyaran kwamfuta nake yi, kati kuwa na buɗe da yawa, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Kafin ka tambaya ko garantin ya cancanci kuɗinsa, tambayi kanka ranar da katin ya mutu ina za ka kai shi. Shagon yana Ingila, kai kana Kano. Ba za su turo maka sabo saboda ka ce ya mutu ba, sai katin ya je hannunsu sun gwada, kuɗin aikawa kuwa galibi a kanka yake, in zai dawo ga maganar kwastan, in kuma jiran mai tafiya za ka yi to wata nawa ke nan kana zaune ba aiki? Kuma Yayanka karatu yake, shekara ta huɗu da ta biyar da ake sayar maka ɗin yana can ko ya dawo gida? Ka ce masa ya buɗe takardar sharuɗɗan ya karanta, da yawansu suna rubutawa ƙarara cewa sai kayan yana cikin ƙasar da aka saye shi.

Na biyu kuma wanda ya fi damuna, abin da ke kashe kati a nan ba shi garanti yake biya ba. Garanti na aibin da ya fito daga masana'anta ne. Mu kuwa wuta ce ke kashe mana kaya, a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi, ko a juya daga NEPA zuwa janareta kwamfuta na kunne. Watan jiya wani yaro ya kawo min RTX 3060, tun kafin in kwance sukurun na ji ƙaurin nan, da na ɗaga murfin sai ga wurin da wuta ke shiga ya yi baƙi ƙirin, ƙaramin cif ɗaya ya fashe kamar an ɗosa masa taba. Pawa saplai ɗinsa, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, irin mai arha ne wanda ba shi da ko nauyi a hannu, an rubuta 700W a jiki amma ciki ba komai. Wannan ko da garantin shekara goma gare shi, suna ganin ƙunar za su ce ba ruwansu.

Sai ƙura. Bayan hunturu in ka buɗe kati za ka ga ƙura ta daskare tsakanin ƙarafan sanyayawa kamar an cusa auduga, fanka na juyawa amma iska ba ta wucewa, daga nan sai a shiga zafin Afrilu ma'auni ya haura 40 a waje, ɗakin editin ba AC. Haka fanka ke gajiya ta fara ƙara, man sanyayawa da ke kan cif ɗin ya bushe ya zama kamar alli. Waɗannan kuwa gyara ne na kuɗi kaɗan, canjin fanka da sabon mai, a nan gida ake yi cikin awa ɗaya.

Kayan lantarki yadda muka sansu, in da aibi daga kamfani yawanci da wuri yake nunawa, makonnin farko ko watannin farko, kuma wannan lokacin garantin kyauta ya riga ya rufe shi. Ni dai da kuɗina ne, UPS mai kyau zan saya, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da pawa saplai na gaske.

Ummu_Sultan:

Injiniya ka yi bayani, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren don kar a ce abin duk yaudara ne, ni na ci moriyarsa. Ina zaune a Ingila, zanen gine-gine nake yi na 3D, kwamfutata kusan kullum a kunne take. Katina ya shiga shekara ta huɗu sai ya fara fitar da wasu ɗigo-ɗigo kore da ja a sikirin, in na buɗe babban aiki sai komai ya tsaya, ashe memorin katin ne ya lalace. Garantin kamfani ya ƙare da 'yan watanni, amma da yake na biya ƙari tun farko sai na kai, bayan sati biyu da wani abu suka ba ni wani. Ranar na gode wa Allah sosai don ina tsakiyar aikin mutane.

Sai dai ka lura, ni bas ɗaya na hau na kai shi. Kuma abin da suka ba ni ba sabo fil ba ne, wanda aka gyara ne mai ƙarfi daidai da nawa, haka aka rubuta a sharaɗin ni ce ban karanta da kyau ba a lokacin. Wasu ma kuɗi suke mayarwa gwargwadon darajar katin a ranar, ka san kuwa kati mai shekara 4 darajarsa ta faɗi sosai.

Wani abu da Yayanka ya kamata ya sani, a nan akwai dokar kare mai saye ta 2015. Cikin kwana 30 na farko in kaya ya nuna aibi kana da ikon mayarwa a ba ka kuɗinka, cikin wata 6 kuma shagon ne zai tabbatar cewa ba da aibin aka sayar maka ba. Wannan kyauta ne ba sai ka biya kowa ba. Saboda haka ni shawarata ya saya da wuri, kar ya bari sai ana gobe tafiya, ya samu wani aboki mai kwamfuta a saka katin a ba shi wuya na kwana biyu uku. In akwai matsala a can za a gani tun yana kusa da shagon. Ga wanda ke zaune a nan kuma katin ne abincinsa zan ce ya biya, amma kai da za a kawo maka Kano gaskiya ban ga ribar ba.

Sadiq_RTX:

Ni dai abin da zan ƙara, garanti mai tsawo sai kamfanin na nan kuma yana harkar. Kamfanin EVGA masu yin kati su ne aka fi sani da sayar da ƙarin garanti har zuwa shekara 10, mutane suna yabonsu sosai, amma a Satumbar 2022 suka sanar sun daina yin katin girafik gaba ɗaya. Sun ce za su ci gaba da cika alkawarin waɗanda suka riga suka saya, to amma ka ga yadda abu ke juyawa, shekara 5 a harkar nan tafiya ce mai nisa. Kuma a wannan watan ne kuɗin intanet na Ethereum ya daina mainin, wato haƙo shi da ake yi da katin girafik, katunan da suka kwana suka wuni suna aiki suka cika kasuwa, da yawa irinsu ne ake kawo mana a matsayin na hannu a ce garantin sati biyu. Kai da ka samu sabo a kwali ka riga ka tsallake babban ramin.

Abban_Hanifa:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Anti Ummu Sultan na tura wa Yaya maganarki yanzun nan, ya ce akwai wani ɗan ajinsu mai kwamfutar gem za su gwada a wurinsa. Injiniya maganar pawa saplai ta tsaya min a rai, don nawa 500W ne kuma tare da kes ɗin ya zo ban ma san sunan kamfaninsa ba. Wane iri zan nema? Sannan na ji ana cewa sabbin katunan nan wayarsu tana narkewa, gaskiya ne?

Injiniya_Bash:

Wannan na 500W ɗin kar ka yarda ka haɗa shi da sabon katin ko na minti ɗaya. 4070 Super shi kaɗai yana jan 220W, Nvidia masu ƙera cif ɗin katin da kansu 650W suka ce a sa, ni zan ce ka nemi 750W na kamfanin da aka sani mai tambarin 80 Plus Gold (shaidar ba ya ɓarnar wuta), in da hali ma Yaya ya haɗo maka da shi daga can don jabu ya yi yawa a kasuwa. Wutar Ingila 230V ce irin tamu, bakin soket ɗinsu ma irin namu ne mai ƙafa uku, ba abin da za ka canza.

Maganar narkewa gaskiya ce, a kan RTX 4090 abin ya yi ƙamari a ƙarshen 2022, shi kuwa 450W yake ja ta wannan sabon bakin wayar wuta mai fil 16. Binciken da Nvidia ta fitar ya nuna yawanci ba a tura wayar ta shige har ƙarshe ba ne. Naka bai kai rabin wutar wancan ba sosai, amma duk da haka ka tura ta har ka ji ta ce ƙas, ka haska da tocila ka tabbatar ba rata ko kaɗan, kuma kar ka lanƙwasa wayar dab da bakin don murfin kes ya rufu.

UPS ɗin kuma ka nemi wanda zai ɗauki kwamfutar da sikirin tare ko da na minti biyar ne, ya ishe ka ka adana aiki ka kashe da hannunka. Rasit ɗin sayen ka ce Yaya ya ɗauki hotonsa ya turo maka, ya yi wa katin rajista a shafin kamfanin da siriyal lambarsa tun a makon farko, wasu kamfanonin suna ƙara shekara kyauta a kan wasu katunan in an yi rajista da wuri, ya duba ko naka na ciki. Kwalin ma kar a yar. Duk wata biyu zuwa uku ka fitar da kwamfutar tsakar gida ka hure ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta riƙa juya ta da ƙarfi, lokacin hunturu kuwa kowane wata. In katin ya iso ka yi min magana ta inbos in zo mu haɗa tare.