Rufin faiba na tsohuwar Peugeot 504 ya tsage, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai rufin baya na faiba na a-kori-kurar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ina so in gyara shi da hannuna a ranakun hutu. Ya tsage wajen taƙi guda daga inda noti ke kama shi, samansa kuma duk ƙananan tsagu kamar saƙar gizo-gizo. An ce in cike da fila, wato kwaɓin da ake cike ramin jikin mota da shi, in fesa fenti kawai. Haka ne?

Mai fenti, Panteka: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ƙanina, kada ka soma. Fila ba ta jure jijjiga, mota na faɗawa rami tsagar za ta dawo. Ka fara huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Ka ci wurin ta ciki da samfefa mai lamba 80, faɗin tafin hannu kowane gefe, ka goge da asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo. Sai ka shimfiɗa tabarmar faiba hawa uku, kana danna rezin, wato ruwan ɗankon da ke kama faiba, da bakin buroshi har farin zaren ya ɓace. Duk inda ka ga fari, iska ce ta maƙale, kuma nan zai karye. Fila a waje kaɗai, siririya.

Mai gyaran jirgin ruwa: Gaskiyar Oga ce. Hadna, wato maganin da ke sa rezin ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rezin ake sawa, a zafin nan namu 1 ya isa. Ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, in ba haka ba ya daskare maka a gwangwani. Ka sa tabarau don Allah, hadna na iya makantar da mutum. Ƙurar faiba kuma ƙaiƙayi gare ta, sai da takunkumi da riga mai dogon hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Tsohon fentin fa, in zuba masa maganin cire fenti?

Mai fenti, Panteka: A'a, yana cin rezin. Samfefa dai. Ƙananan tsagun nan a fatar sama suke, ka ci su har ƙasa, don fenti ba ya ɓoye su. Daga nan firaima, wato fentin farko, ka bi da samfefa mai lamba 400 da ruwa, ka bari ya bushe sarai. Ranar fesawa ka yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, kuma in hazo ya sauka ka ɗaga aikin.