Wa ya taɓa kai iyali hutu tsibirin Jarba?

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya samu hutun mako guda, muna shawarar kai yara bakin teku a tsibirin Jarba da ke kudancin Tunisiya. Yaran huɗu ne: babbar tana shekara 13, 'yan biyu suna 7, auta kuma bai cika biyu ba. Surukata ma za ta bi mu. Otal ɗin irin wanda ake biyan komai a dunƙule ne, ci da sha da kwana. Hotuna kam na gani, amma so nake na ji daga bakin wanda ya taka wurin da ƙafarsa. Mai hijabi za ta sake? Dattijuwa fa?

Ɗan Damagaram

Wa alaikumus salam Hajiya. Sau biyu na kai nawa. Daga Yamai muka sauka Tunis, daga can ƙaramin jirgi ya kai mu tsibirin cikin kusan awa guda. Zuwan farko ta mota muka bi daga Tunis, tafiyar ta kai kilomita 500, muka tarar da layin motoci a Jorf da ke bakin gaɓa ana jiran jirgin fito zuwa Ajim da ke kan tsibirin. Tsallakawar kanta ba ta wuce minti ashirin ba, jiran ne ya galabaitar da yara. Akwai kuma hanyar Kantara, titi ne da aka shimfiɗa a kan teku tun zamanin Rumawa, wajen kilomita 7.

Ki kula da watan da za ku je. Mun je a Agusta muna ganin mu da muka saba da rana babu abin da zai dame mu. Ashe zafin can da gumi yake tafe, riga na manne wa jiki, yashi kuma da azahar yana ƙona tafin ƙafar yaro. Zuwa na biyu ƙarshen Satumba muka yi: ruwa da ɗumi, mutane sun ragu, kuɗin ɗaki ya sauka.

Hajiya ta Liyon

'Yar uwa, ni zancen hijabin zan amsa miki, don shi ya fara ɓata min rai, shi kuma ya zo ya faranta min daga baya.

Ranar farko na sa kayan wankana mai rufe jiki duka, na shiga tafkin otal da ƙaramar 'yata. Ko minti biyar ban yi ba mai gadin tafkin ya yafito ni, wai dokar gidan ba ta yarda da dogon kaya ba. A gaban yara na fito ruwa na ɗiga, 'yata na tambayata me muka yi. Maigida ya je wajen manaja, aka ba mu haƙuri, aka ce matuƙar yadin na wanka ne babu laifi. Amma ranar ta riga ta ɓaci. Shi ya sa nake roƙonki, kafin ki biya ko sisi ki rubuta musu tambayar ƙarara, su amsa a rubuce, ki ajiye amsar a wayarki. Otal-otal ɗin ba ɗaya suke ba.

A bakin teku kuwa babu mai kallonki. Iyalai daga Libiya da Aljeriya da 'yan ƙasar kansu suna nan birjik, mata da yawa da mayafinsu suke shiga ruwa. Turawa ma suna nan da irin tasu shigar, wannan kam sai kin shirya babbar 'yarki tun daga gida, ki zauna da ita ku yi maganar. Giya ana sayarwa, ana kuma sha a fili. Da dare akwai kiɗa da rawa har wajen sha ɗaya, don haka ki nemi ɗakin da ya yi nisa da dandalin wasan, saboda auta da surukarki.

Mu bayan sallar asuba muke fita. Mahaifiyata ce ta koya mana haka. Shekararta 71, ba ta taɓa ganin teku ba. Ta naɗe zaninta zuwa ƙwauri, ta riƙe hannuna gam, ruwa ya zo ya shafi ƙafarta ya koma, yashi na zamewa a ƙarƙashin diddigenta. Ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce "Tabarakallah, ashe da gaske gishiri ne." Ta tsaya nan tana tasbihi har rana ta fito. Duk sauran kwanakin ita ke tashin mu.

Abu Yara

Hajiya, don Allah ki karanta nawa da kyau tunda kina da 'yan biyu. Gaɓar Sidi Maharaz ba ta da zurfi, sai ka yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce ƙugunka ba, wannan shi ke sa iyaye sakin jiki. Ɗana mai shekara 6 yana cikin robar iyon nan da ake hurawa, na juya ina kakkaɓe wa ƙanwarsa yashi a ido. Iska ce ta taso daga tudu. Ina ɗagowa na hango shi ya yi nisa, yana ɗaga hannu, muryarsa ba ta iso ni. Wani matashi mai ba da hayar kwale-kwale ne ya kamo shi. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ku raba aiki ke da Alhaji, kowa ya san yaron da ke hannunsa, in kuma kun ga jar tuta kada kowa ya shiga. Akwai wata halittar ruwa mai kama da farar leda, mutanen wurin na ce mata hurriga, tana harbi da raɗaɗi. Ku tambayi mai gadin gaɓa kowace safiya ko ta fito.

Uwargida Kano

Ruwan famfo zartsi ne, tsibirin ba shi da kogi ko ɗaya. Na gora za ku sha, da shi kuma za ki haɗa wa auta madara. Abinci bai ba ni wahala ba. Akwai shinkafarsu da suke turarawa da ganye da nama, ina kai loma na ce wannan ai dambu ne. Surukarki za ta so shi. Yajinsu harisa yana da zafi, amma na tafi da nawa na daddawa kuma ban yi da-na-sani ba.

Dinari ɗaya milim 1,000 ne, saboda haka in kin ga 12.500 a jikin kaya, dinari goma sha biyu da rabi ake nufi. Ba a fita da kuɗinsu waje, ki riƙa canzawa kaɗan-kaɗan kina ajiye rasit. Masu fasfon Najeriya sai da biza, a fara nema da wuri.

Baban Ɗalibai

Ni ra'ayina daban ne. A kuɗin dunƙulen nan har da na giyar da ba za ka sha ba. Mun kama gida mai tsakar gida kusa da garin Midun, uwargida na girki, ni ina zuwa kasuwar Humt Suk, babban garin tsibirin, inda ake gwanjon kifi, mai shela na zaune kan doguwar kujera yana ɗaga kifin a igiya. Ya fi mana sauƙi ƙwarai. Sai dai ita ta ce ba ta huta ba, kuma gaskiyarta ce.

Dattijon Zango

Ko otal kuka zauna, ku ware kwana biyu ku fita. Ku kai yara Gallala su ga magina tukwane, ku kai su gidan kadoji da ke kusa da Midun. Ku je masallacin Fadlun, fari fat, mai kaurin bango kamar ganuwa. Irin waɗannan masallatai na Ibadawa, mabiya wata mazhaba ta Musulunci, suna cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya tsibirin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2023. A Midun na yi Juma'a, ranar ce kuma kasuwar garin ke ci. A sahu na ga baƙaƙen fata 'yan ƙasa, jikokin waɗanda aka ƙetaro da su Sahara kafin Ahmad Bey, sarkin Tunisiya na lokacin, ya haramta bauta a 1846. Na daɗe ina kallonsu, kamar ka ce daga unguwarmu suka fito.

Tun 2023 al'amura suka yi tsami ga baƙi 'yan kudu da Sahara a ƙasar. Mu ba a taɓa mu ba, amma sau ɗaya aka tsayar da mu a hanya aka nemi takardu. Kada Alhaji ya fita ba tare da fasfo da takardar otal ba.

Maman 'Yan Biyu

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa maigida duka, mun ɗage tafiyar zuwa hutun Oktoba, kuma yau na aika wa otal ɗin tambayar kayan wanka. Na ba surukata labarin mahaifiyarki, Hajiya ta Liyon, ta ce a tambaye ki: daga ɗaki zuwa bakin ruwan da nisa? Gwiwa na damunta.