Wurin da na tsinto a bakin teku ya fara wari, yaya zan yi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsinci wuri guda bakwai a bakin teku, kowanne bai wuce kan babban yatsa ba. Biyar sun dushe, biyu kuwa sai sheƙi kamar an shafa musu mai. To biyun nan ne yanzu suka cika min ɗaki da wari. Na leƙa ta tsagar, ban ga komai ba. In jiƙa su a bilic ne ko ruwan khal?

Autan Gida: Wa alaikumus salam. Anti, zuba bilic kawai ki huta.

Malamin Bayoloji: A'a Auta, kar ka ja mata asara. Hajiya, da mai gidan a ciki kika ɗauko su. Wuri ɓawon wani ɗan dodon koɗin teku ne, ya mutu a can lungu inda ido ba ya kaiwa. Sheƙin ma aikinsa ne. Yana da wata fata mai laushi da yake fitarwa ta gefe biyu ta lulluɓe bayan ɓawon, tana shimfiɗa masa sabon rufi. Biyar ɗin da suka dushe sun daɗe ba kowa ciki, yashi da rana sun cinye su. Bilic zai dusar da sheƙin, ruwan khal kuwa ya fi muni, don ɓawon sinadarin alli ne, tsami narkar da shi yake yi. In sheƙin ya tafi kuma ya tafi ke nan.

Idan bayansa fari ne mai ratsin rawaya da 'yan ƙulluttai a gefe, da alama Monetaria moneta ne, wanda masanin halittu Linnaeus ya fara bayyanawa a 1758. Yana da yawa a tekun Indiya da Fasifik, musamman tsibiran Maldibs, gansakuka yake ci.

Tsohon Masunci: 'Yata, ki sa su a firiza kwana biyu, ki fitar da su ƙanƙarar ta narke, ki maimaita. Naman zai saki ɓawon. Sai ki tsokano shi da siririyar waya, ki feso ruwa ta tsagar da sirinji. Ban da tafasawa, zafi yana sa bayan ya yi tsatstsaga.

Maman Biyu: Baba, firizar da nake ajiye kaya? Da warin nan?

Tsohon Masunci: Ki ƙulle a leda biyu mana. In ranki bai so, jiƙa su a ruwa zalla, kina canzawa kullum har warin ya ɗauke. Sai dai kar su daɗe a ruɓaɓɓen ruwa, shi ma yana cin sheƙi. Ki shanya a inuwa.

Malamin Bayoloji: Kuma Hajiya, gaba in kin ga wanda ya yi siffar mazurari mai zane-zane, kar ki kai hannu. Wannan dangin daban ne, yana harbi da dafi, manyan cikinsu sun taɓa kashe mutane.

Maman Biyu: Subhanallahi, yarana ma sun yi ta tsinta a ranar. Bari in je in zazzage aljihunansu.