Okid mai araha: manyan kantuna ko wurin masu renon furanni?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son fara tara furen okid (orchid), furen adon nan da ake renonsa a tukunya, amma aljihun ba nauyi. Manyan kantuna masu rassa suna karya farashin waɗanda furensu ya zube, masu renon furanni kuwa nasu da tsada. Na arahan nan suna rayuwa kuwa, ko asarar kuɗi ce? Me zan duba kafin in biya?

Uwar_Lambu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Suna rayuwa sarai. Yawancin abin da kantunan nan ke ajiyewa nau'in Phalaenopsis ne, furensa yakan yi wata 2 zuwa 3 sannan ya zube, kuma wannan ba ciwo ba ne. Saiwa za ka duba, ba fure ba.

Zaro tukunyar robar da ake ganin cikinta daga cikin tukunyar ado. Lafiyayyar saiwa tana da kauri da tauri, koriya ce in da danshi, ta koma ruwan azurfa in ta bushe. Wadda ta yi baƙi ko ruwan ƙasa, ka latsa ta lotse, ta riga ta ruɓe. In ka ƙirga lafiyayyu 4 ko 5, ɗauki abinka. Sai ka leƙa tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa. In wurin ya yi baƙi ya yi laushi, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka, domin daga nan take girma. Ruwan da ke kwana a wannan tsakiyar ne ke jawo hakan.

Waɗanda ka gani shuɗi shar ɗin nan rini aka ɗura wa karan, furen da zai biyo baya fari ne. Kada ka ƙara ko sisi saboda launin.

Malam_Mai_Dashe:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da ke kashe okid na kanti gansakuka ce da ake cusawa tam a tukunya. Sama ta bushe, ciki jagab, saiwa ba ta shan iska, alhali a daji shukar nan a jikin bishiya take maƙalewa. Tunda furen ya zube, sake mata mazauni nan take. Jiƙa saiwar minti 10 don ta yi laushi, tsince gansakukar duka har dunƙulen da ke ɓoye a gindi, ka datse ruɓaɓɓu da almakashin da ka ƙona bakinsa a wuta. Haɗin da zan ba ka shawara: ɓawon itace irin na okid kashi 4, gawayi kashi 1, a tukunya mai huji da yawa wadda ta yi daidai da saiwar. Babbar tukunya riƙe ruwa take yi. Ƙasar lambu kuwa kada ta kusance ta.

Ban ruwa kusan sau ɗaya a mako, bayan saiwa ta koma fari-fari, a bar shi ya tsiyaye tas. Taki rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba ya isa. Ware ta daga sauran shuke-shuke mako 3 zuwa 4, kana duba bayan ganye. In ka ga farin ƙwaro mai kama da auduga, goge shi da sifirit mai ƙarfin kashi 70.

Dattijon_Okid:
Kada dai a raina masu reno. Su ne ke da sauran nau'o'in okid kamar Dendrobium da Cattleya da Oncidium, da sunan kowace a rubuce, kuma akwai wanda zai amsa maka tambaya. Arahar su ba ta kan teburin gaba, sai ka tambaya. Ka nemi waɗanda suka gama fure, ko 'ya'yan da ke tsirowa a jikin kara, ko yankin da aka raba daga babbar shuka. Ɗan tsiro sai ya yi saiwa 3 masu tsawon santimita 5 kafin a cire shi. Yanki kuma kada ka karɓi mai ƙasa da kumburarren kara 3, don a ciki yake ajiye ruwa da abinci. Ƙananan dashe sun fi komai araha, amma za ka iya jiran shekara 2 zuwa 4 kafin fure.

A kanti, guji mai toho da aka jera kusa da kayan marmari. Iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana zubar da toho tun bai buɗe ba.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba, tsohon karan furen fa, in yanke ko in bari?

Dattijon_Okid:
In ya bushe, yanke shi daga gindi. In kore ne kuma shukar na da ƙarfi, yanke saman gaɓa ta 2 ko ta 3 daga ƙasa, yakan yi reshe. Mai ƙarancin saiwa kuwa cire shi gaba ɗaya ta huta. Sabon kara yakan fito ne idan sanyin dare ya sauka wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Celsius na 'yan makonni.