Kwamfutata na ɗaukar zafi, wani Search Indexer na ta faɗuwa yana tashi

Abban Hafsa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shago a wani ƙauye kusa da Ringim, ina buga katin biki da takardun jarabawar makarantun Islamiyya. Da kwamfuta ɗaya nake neman abinci, HP EliteBook 840 G3 ta hannu, Windows 10 ce a kanta. Yau kwana biyar ke nan ta sauya min. Da na kunna ta fanka za ta hau ƙugi kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafin da ba ta ɗoruwa a cinya. In na danna harafi sai na jira kafin ya fito. Jiya wani malamin Islamiyya ya zauna a bencina tun bayan azahar har aka kira la'asar, shafi huɗu kacal, ban gama masa ba. Bai ce min komai ba, amma wallahi na ji nauyinsa ƙwarai.

A Task Manager, inda ake ganin manhajojin da ke aiki, na ga wani abu mai suna Microsoft Windows Search Indexer ya haye sama, aikin CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya wuce kashi 90. Sai ya ɓace, in ce alhamdulillahi, can kuma sai ga shi ya dawo. Na danna masa End task ya fi sau goma. Wani mai gyara ya ce bairos ne, in kawo a goge komai a sake zuba Windows. To aikin mutane na shekara uku yana ciki. Don Allah a taimaka min.

Injiniya Bash:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi saurin yarda a goge. Wannan ɓangare ne na Windows kanta. Aikinsa ya bi fayilolinka yana rubuta sunayensu da abin da ke cikinsu a wani kundi, don in ka nemi takarda ta fito nan take. Sunan kundin Windows.edb. In ya lalace, sai manhajar ta zo karanta shi ta faɗi, Windows ta sake tashinta, ta kuma faɗuwa a wuri ɗaya. Shi ya sa End task bai yi maka komai ba. Batirinka yana riƙe caji kuwa?

Abban Hafsa:
Ina! Ya mutu tun bara. Da janareta nake aiki, in mai ya ƙare ɗif take mutuwa. Ran kasuwa ma sau biyu ta yi min haka.

Injiniya Bash:
To ina kyautata zaton nan gizo ke saƙar. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a kundin, ya tsaya rabi da rabi. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta services.msc, ka nemo Windows Search ka danna Stop. Ka saurari fankar minti biyu. In ta lafa, mun kama ɓarawon. Daga nan ka shiga C:\ProgramData\Microsoft\Search\Data\Applications\Windows. A ɓoye ProgramData yake, don haka ka rubuta adireshin da hannunka a sama. Ka goge Windows.edb shi kaɗai, ka koma kan Windows Search ɗin ka danna Start. Takardunka ba abin da zai same su, jerin sunayensu ne za a sake rubutawa. Za ta ɗan yi nauyi na wasu awoyi tana wannan aikin, ka tabbata akwai mai a janareta.

Maman Ilham, Haɗeja:
Ɗan'uwa, kafin ka taɓa komai ka kwashe aikin mutanen nan a filas. Tawa ta yi irin wannan, na gyara, bayan mako biyu ta koma. Ashe hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) ne ya fara lalacewa, na rasa hotunan yaye ɗalibai guda, har yau abin na ci min rai. Ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta chkdsk C: /f, ka amsa da Y, ka sake kunna ta ta duba kanta. Sannan ƙurar hunturun nan, ka leƙa ramin da iska ke fita ta gefe. Ni da na sa aka buɗe tawa, abin da aka ciro kamar audugar katifa.

Abban Hafsa:
Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Hajiya. Na fara kwashe komai a filas, sannan na bi matakan. Ina danna Stop, ko minti ɗaya ba a yi ba shagon ya yi tsit, har ina jin kukan awakin maƙwabta. Na goge kundin, na bar ta a kunne daga magariba zuwa bayan isha'i. Yau CPU tana wasa tsakanin kashi 5 da 12, malam ya karɓi takardunsa da safe. Gobe zan yi chkdsk ɗin. Batirin kuma ranar Asabar yaron ƙanina zai shiga Kano, na rubuta masa lambar da ke jikin tsohon ya nemo min irinsa.